Kuɗin Gwangwanin Assibi Mai Shinkafa

Assibi ta rasu bara da damina. Da aka kai ta aka dawo, aka zauna makoki a ƙofar rumfarta, masu baki suka yi ta zuba. Wani ya ce ita ce uwar marayun Zongo. Wani ya ce ko ƙuda ba ta taɓa kora ba. Ƙarya ce. Assibi ta kori ƙuda, ta kori mutane, ni kaina ta kore ni da ludayi ba sau ɗaya ba. Masifaffiya ce, ga rowar nama, in ta yanka maka tsoka sai ka hango rana ta cikinta. Abin da ta yi na gaske, wanda ya isa a faɗa, ba wanda ya ambata a wurin, don yawancin masu jawabin da hannunsu a ciki. Ni Laouali, maƙerin gwangwani ne, fitila da mazurari da murhun gawayi nake yi, kuma rumfata na jingine da tata tun ana ce wa ƙasar nan Dahome. Ga abin da na gani.

Mutuniyar Dogon Dutsi ce, can Nijar. Mijinta fataucin albasa yake yi, shi ya ɗoro ta a kan buhuna cikin kamiyo, babbar motar kaya, har Paraku, daga nan jirgin ƙasa ya sauke su Kwatano. Ba su daɗe ba ya ce zai leƙa Lome ya ga kasuwa. Har yau yana ganin kasuwa. Ya bar ta da goyon 'ya mace, Nimatou, da tukunya ɗaya. Garin nan rairayi ne, ko dutsen murhu babu, ni na cika mata gwangwanayen madara uku da siminti, ta girke tukunyar a kansu a bakin hanyar da 'yan dako ke bi zuwa tashar jiragen ruwa. Shinkafa da wake take dafawa, da soyayyen tumatir da yaji. Ba ta canja sana'a ba, ba ta ƙara aure ba. In an yi mata zancen aure sai ta ce ta riga ta san ɗanɗanon albasa.

Ba ta kai kuɗi banki, ba ta shiga adashi. Abin da ya rage mata bayan shinkafa da itace, kwano take saye da shi, irin mai fenti da furanni da ake jerawa a ɗakin amarya. Tun Nimatou na rarrafe take tarawa. Ɗakinta ɗan ƙarami ne, kwanukan sun hau bango har rufi, ita tana kwana a tsakiya kamar mai gadin kanti. Kowace mace a Zongo ta san jeren Nimatou, ta kuma san ranar da za a fito da shi wasu iyayen za su sunkuyar da kai.

Da soja suka hau mulki suka ce juyin juya hali ake yi, kowa ya zama kamarad, abin bai taɓa tukunyarta ba. Bencinta ne ya samu ƙarin surutu. Mutum biyu suka mai da shi majalisa. Na farko Tidjani, ɗan unguwa ne da ya yi lakkwal, wato boko, har ya samu tebur a wani biro, ofishin gwamnati, ana ce masa Mushe yadda ake kiran 'yan boko a nan, kuma shi ne magatakardan kwamitin juyin juya hali na unguwarmu. Alƙaluma jere a aljihun rigarsa, ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi su nauyi ba. Na biyu Alhaji Muhuyi, Bakano, mai sayen shinkafa a tasha yana tura ta Najeriya ta hanyoyin da ba a tambaya. Wajensa Assibi ke sayen buhu. Shi ba ya cin abincin titi, in ji shi, zuwa yake ya duba ko ana wulaƙanta masa shinkafa, kuma ba ya tashi sai ya duba kwano biyu.

Ana nan, wajen shekara ta tamanin da takwas, kuɗi suka ɓace. Ba gobara aka yi ba, ba fari ba. Jirage na sauke kaya, kasuwa cike, aljihu wayam. Ka je banki da ɗan littafinka a ce ka dawo gobe, gobe a ce ka dawo jibi. Albashin ma'aikata ya tsaya wata da watanni, har wasunsu suka koma ɗaukar fasinja a babur. Wanda ke bin ka bashi wani ke bin sa, wancan kuma gwamnati yake bi, gwamnati tana rediyo tana cewa a shirye take. To, ga abinci ya samu ga masu baki. Kullum da rana Tidjani da Alhaji sai sun tattauna mene ne kuɗi.

Tidjani ya ce, "Alhaji, dukiya ba ta ƙare ba. Ga shinkafa a sitonka, ga hannu a jikin Laouali, ga yunwa a cikina. Abin da zai haɗa mu ne babu. Kuɗi alama ce kawai. In alama ta ƙare sai a yi wata."

"A yi ta da me, Mushe?"

"Da takarda. A auna filayen Zongo, a buga takarda daidai darajarsu. Ƙasa ba ta gudu. Mun karanta cewa wasu Turawa a wata ƙasa mai sanyi, Ekos, da kuɗinsu suka ƙare a zamanin da, wannan shawarar aka kawo musu."

"Waɗanda mazansu ke ɗaura zane? Na ga hotonsu a jikin kwali a tasha."

"Su."

Assibi tana juya tukunya ta ce, "Sun ƙoshi?"

"Majalisarsu ba ta yarda ba."

Alhaji ya ce, "Ashe masu zanen ma suna da hankali. Filin wa za ka auna, rabin Zongo haya muke? Kuɗi shi ne abin da za ka binne ƙarƙashin gado, ka je Makka ka dawo ka tone shi yana nan. Azurfa da zinariya. Ko sefar ma, kuɗin gwamnati, haƙuri nake da ita. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya fito da nasa waje ya mutu."

Tidjani ya juya ya ce, "Kamarad Assibi, ke me kika gani?"

"Na ga kana cin kwanon da ba ka biya ba tun kafin azumi. Kuma kar ka ƙara ce min kamarad. Na san ka tun kana ɗan lakkwal da majina a hanci."

Ita ma abin ya iske ta. 'Yan dako na biyan ta in jirgi ya zo, matafiya na biya, wannan 'yar tsabar ita take kai wa Alhaji, don ba ya sakin buhu sai ya ji nauyin kuɗi a tafinsa. Saura mu, mai itace da mai ruwa da mai turin kura da ni mai liƙe mata tukunya. Da ma rabin ladanmu abinci ne. Yanzu ta ce duka abinci ne.

Mai itace ya ce, "Inna, itacen yau na kwano biyar ne, cikina kuwa na ɗaya ne."

"Ka ci saura gobe."

"In kin manta fa?"

"Ni ce zan manta?"

"To in na so in turo matata ta zo ta karɓa?"

Ta tsaya da ludayi a hannu ta dube shi, sannan ta leƙo rumfata. Ta ce in yanko mata gwangwanin tumatir, faɗin dala, in huda shi uku kamar murhunta. Na yanka, na huda da wata ƙusa mai karkataccen baki wadda ba wanda zai iya kwaikwayon hujinta. Ta ɗaga guda ɗaya a gaban duk wanda ke benci ta ce, "Ku shaida. Duk wanda ya kawo min wannan, ko shi ko wani, ko yau ko baɗi, kwano ɗaya ne da miya. Nama ban ce ba."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba takarda, ba sa hannu.

Mai itace ya ci ɗaya, ya biya wanzami da ɗaya. Wanzami ya sha shayi da shi. Mai shayi ya kai wa mai gyaran takalmi. Kafin a ankara gwangwanin Assibi yana sayen sabulu da kananzir da goro a ko'ina cikin Zongo, don kowa ya san bayansa akwai tukunya mai tafasa, kuma kowa na jin yunwa sau ɗaya a rana ko fiye. Har a faifan sadakar masallaci ana tsintarsa. An ce min a unguwar Jonke ma, inda ba na zuwa, akwai masu karɓa.

Tidjani kamar an naɗa shi minista. Ya ce abin da yake faɗa ke nan tun farko, ya nemi a ƙara tauraro a jiki a sa hatimin kwamiti. Assibi ta ce ya je ya sa wa uwarsa tauraro. Alhaji ya ɗauki guda ya gartsa masa haƙori, ya ce shara ce, kuma ranar da wani ya kawo masa ita a sito zai gane kurensa.

Da abin ya tsaya nan da lafiya lau, don iyakar abin da take fitarwa shi ne abin da aka yi mata aiki a kai, kuma tukunyar na iya ɗauka. Biki ne ya shigo.

Kowa ya san biki tsakanin ƙawaye. Abin da kika kawo min ranar sunan ɗana, ranar naki sai na ninka. Ba a fasawa, ba a ragewa. Mace ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce ta gaza ninki. Rashin kuɗi kuwa bai hana haihuwa ba, ƙara ta ma ya yi, tunda maza na gida ba aikin yi. Matar wanzami ce ta fara, ta je wani suna da gwangwanaye ƙulle a bakin zane don ba ta da ko dala. Maroƙiya ta ɗaga su ta sanar, mata suka yi guɗa, mai jego ta karɓa. Daga ranar nan gwangwani ya shiga biki, kuma abin da ya shiga biki sai ya ninku.

Wata safiya sai ga Larai mai kitso, ƙawar Assibi tun zuwansu garin. Ta zauna dab da murhu ta yi ƙasa da murya, amma bangon rumfata kwano ne, komai ina ji.

"Ƙawa, rufa min asiri. Jibi suna a gidan Saude matar Alhaji. Ta kawo min goma, ashirin nake nema."

"Ina zan samo miki?"

"Ga Laouali, ga gwangwani."

"Kowane ɗaya kwano ne, Larai."

"Wa zai ci? Na biki ba ya zuwa tukunya. Daga bakin zanena sai bakin zanen Saude, ita kuma ta adana ta mayar wa wata. Kin taɓa ganin mace ta kwance kuɗin biki ta sayi shinkafa? In albashin maigidana ya fito, sefa zan biya ki."

Assibi ba wawiya ba ce. Ta yi kwanaki tana lura, ta ga gaskiya ne, abin da ke dawowa tukunya da yamma kaɗan ne, saura na can ƙulle a zannuwa da ƙarƙashin katifa yana jiran suna na gaba. Sai ta ba Larai. Da ta ba Larai ba ta da bakin hana maƙwabciyar Larai. Kuma tana da 'ya a gaba, duk wadda ta hana yau za ta tuna ranar bikin Nimatou. Mata suka yi ta zuwa, kowacce da mijin da albashinsa ke hanya. Goma ta zama ashirin, ashirin ta zama arba'in, haihuwa ba ta tsaya ba. Na yi ta yanka har gwangwanin tumatir ya ƙare a unguwa na koma na kifi.

Sau ɗaya na ce mata, "Assibi, abin nan ya fi shinkafar Alhaji yawa."

Ta ce, "Aikinka yanka."

Na yanka. Da shi ma take biya na.

Tidjani ya ce wannan shi ne lamuni, haka manyan ƙasashe suka ginu, kuɗin da ba ya komawa gida shi ne kuɗi na ƙwarai. A lokacin nan na ga Assibi ta fara sauraronsa, har tana ƙara masa miya.

Aka zo auren ɗan Alhaji. Saude ta daɗe tana kai wa mata biki, ranar nan duk ninkin ya dawo mata lokaci ɗaya. Mata biyu ne suka kinkimo daron gwangwanin zuwa ɗakinta. Alhaji ya shigo ya tarar da dukiyar matarsa, ya tsaya yana kallo. Ba zai karɓe ta a sito ba, ya riga ya rantse. Ba zai zubar ba, Alhaji ba ya zubar da ko ƙullin leda. Ranar Juma'a bayan an sallame sai ga shi a ƙofar masallaci da daro, yana raba sadaka don ran mahaifinsa. 'Yan dakon da jirgi bai zo musu ba, malaman lakkwal masu yajin aiki, guragu, baƙin da suka sauka jiya, kowa ya miƙa hannu an damƙa masa cike da tafi.

Tidjani ya ce, "Alhaji, ba kai ka ce shara ce ba?"

Alhaji ya ce, "In ba kuɗi ba ne, ban yi asarar komai ba. In kuɗi ne, mahaifina ya samu lada."

Waɗannan ba su da biki, ba su da bakin zane. Daga masallaci sai rumfar Assibi. Tukunyar farko ta ƙare kafin ta gama ɗaure ɗankwali. Ta ɗora ta biyu, ita ma ta tafi. Kafin la'asar buhu ya zama fanko, ga mutane tsaye da gwangwani a hannu. Ta ce musu su dawo gobe.

Ba ta lura ba, amma kalmar banki ke nan. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Da gari ya waye mai shayi ya ƙi karɓa, mai kananzir ya ƙi karɓa, mata suka kwance zannuwa suka ɗaga katifu. Layi ya miƙe daga murhunta har hanyar jirgin ƙasa. Kowa da nasa a gwangwani ko a hula ko a kwarya. Na hango Larai a ciki ta rufe fuska da mayafi, kamar akwai wata mai irin tafiyarta a Zongo.

Masu shawara suka iso da wuri. Tidjani ya ce abu ne mai sauƙi, kwamiti zai liƙa sanarwa cewa daga yau gwangwani uku ne kwano ɗaya. Ko kuma ta rufe rumfa na ɗan lokaci a ce ana gyaran murhu, har hankali ya kwanta. Ya ce haka ake yi ko'ina.

Alhaji ya ce, "Ke ma kin cika ɗaukar wa kanki. Ki fito ki ce wasa ne. Wane alƙali zai saurari ƙarar gwangwanin kifi? In kuma dole sai kin dafa, ga shinkafa, ki ba ni rumfar nan jingina."

Assibi ta ajiye ludayi. Ta leƙo wajena ta ce, "Laouali, me na ce ranar farko?"

"Kin ce ko shi ko wani, ko yau ko baɗi."

"Nama fa?"

"Kin ce ba ki ce ba."

"To alhamdu lillahi. Kira min mai kura."

Ta nufi ɗakinta, na bi ta don in kama mata kaya. Nimatou na tsaye a ƙofa. An riga an sa ranarta da wani tela, Djibril, wanda ita ta zaɓo abinta, saura kaɗan.

Nimatou ta ce, "Inna, ba dai kwanukana ba."

"Naki ne ranar da suka shiga ɗakinki. Yau nawa ne."

"In shiga ɗakin miji da me?"

"Da kunya. Taki ta wata ɗaya ce, mata su yi gulma su gaji. Tawa, in na ce uku ne kwano ɗaya, har kabari."

"Larai ce ta ci, Alhaji ya yi sadaka, ni zan biya?"

"Ke. Matsa."

Nimatou ta matsa, amma ba ta kama ko murfi ɗaya ba, kuma ta daɗe ba ta yi wa uwarta magana ba in ba gaisuwa ba.

Muka loda kura muka tura kasuwar Sanmishel. Matan da ke sayen kwano can ba yara ba ne, suna ganin mace ta zo da jere guda a kura da sassafe suka san wuta ce a bayanta. Suka taya kamar suna sayen tsumma. Ta sallama. Kuɗin ko ɗumi ba su yi a hannunta ba suka shiga tafin Alhaji, wanda ya lura a safiyar nan cewa shinkafa ta yi tsada. Ta aro manyan tukwanen da ake girkin biki da su, muka kafa murhu uku a kan titi.

Ta yi ta dafawa. Duk gwangwanin da aka miƙo mata sai ta duba hujin, ta zuba kwano, ta wurgo min shi in datse shi biyu da almakashi. Ba ta rage awo ba. Gyara ma ba ta hana ba, sai dai hannunta ya koyi rawa in ya zo kan gyaran. Zagi kuwa kyauta ne, kowa ya samu nasa. Da Larai ta iso gaba, Assibi ta ce, "Baiwar Allah, buɗe fuskar mana, ta ina za ki ci?" Ta zuba mata kamar kowa.

Kura ta koma Sanmishel, ta sake komawa. Bangon ɗakin ya fara fitowa, wani wuri da ba a ga rana a kansa ba tun Nimatou na goye. Assibi ta rame, idanunta suka yi ja don hayaƙi, muryarta ta dushe har zagin ma da ludayi take nuna shi. Ni hannuna ya yi kanta a kan almakashi.

Bayan 'yan kwanaki layin ya fara raguwa da kansa. Mutane sun ga duk wanda ya zo ya ci, to gaggawar me? Mai shayi ya ce zai ci gaba da karɓa. Wasu suka mai da nasu ƙarƙashin katifa. Tidjani ya zo da murna ya ce yanzu ne ma aka yarda da shi da gaske, ta sa a yanko sabo, wannan karon da tsari.

Ta ce, "Ka buga naka, Mushe. Ka jingina shi da alƙalumanka."

Ta aika aka faɗa a unguwa cewa gwangwanin da ke waje yana nan a kan maganarsa, amma sabo ba za a ƙara ba. Ta karɓe ƙusar daga hannuna ta jefa a masai. A ɗakinta kwanukan da suka rage ba su fi layi ɗaya ba, can ƙasa, su ma ƙanana.

Da shekara ta kewayo aka yi babban taro a garin nan, aka daina ce wa juna kamarad, albashi ya fara fitowa gutsi-gutsi. Matan da suka karɓi gwangwani, wasu suka biya sefa, wasu suka manta, wata ma ta ce ai gwangwani ta ara, in ana so ta kawo gwangwani. Auren Nimatou da aka ɗaga aka zo aka yi. Larai, ko don kunya ko don tsoron bakin Assibi, ta bi gida-gida tana tuna wa mata, aka haɗo kwanuka. Wani ja, wani shuɗi, wani fentin ya ɓare, wasu ma roba ne, wanda Assibi ta ɗauka a matsayin zagi. Jeren ya kai rabin bango. Mata suka yi gulma. Ta ɗan wuce wata ɗaya, amma sun gaji.

Majalisar benci ba ta watse ba. Tidjani ya ce abin da ya faru ya tabbatar da cewa lamuni shi ne kuɗi, tunda har ƙarshe gwangwani bai faɗi ba. Alhaji ya ce ya tabbatar da cewa sai abin da ke da nauyi, tunda kwano aka sayar. Suka yi ta yi shekara da shekaru, kowanne da kwano a gabansa. Alhaji ya riga Assibi tafiya. An ce da aka tone ƙarƙashin gadonsa an samu abin da ya faɗa, 'ya'yansa suka raba a kotu.

Ita kuwa ta ci gaba da dafa shinkafa da wake har ƙafafunta suka ƙi, sannan ta koma kan tabarma a gefe tana gaya wa Nimatou gishiri ya yi yawa. Ba ta ƙara sayen kwanon jere ba. Ba ta kuma taɓa ba da labarin nan ba, in wani ya ɗauko shi sai ta ce ya ci ya tashi ana jiran benci. Jefi-jefi wani kan tsinci guda a tsohon akwati ya kawo, ta zuba masa, ta wurgo min.

Bayan sadakar arba'in ɗinta Nimatou ta sake hura wuta. Ranar sai ga Tidjani, ya tsufa, ya yi ritaya, shi ne ma ya fi kowa dogon jawabi a makoki. Ya zauna a benci, ya laluba aljihun da alƙaluma ke zama a da, ya fito da wani ɗan gwangwani da ya yi tsatsa, ya ajiye a kan tebur.

Ya ce, "'Yata, ban sani ba ko har yanzu yana aiki."

Nimatou ta ɗauka ta miƙo min. Na ɗaga shi a rana. Na tumatir ne, cikin na farko-farko, huji uku masu karkataccen baki. Na ce nawa ne.

Ta zuba masa kwano ɗaya da miya. Ya sa cokali ya juya, ya sake juyawa, ya ɗago ya dube ta.

Ta ce, "Baba Tidjani, nama Inna ba ta ce ba."

Ya ci. Na ɗauko almakashi na datse shi biyu.